Littafin Haraji da Rajistar Makaranta: Jawabi a Kan Taimakon Sakandaren Sabon Birni da Isa

  

Al'ada ce a irin wannan taro a ƙare yini ana yabon zamanin da ya wuce, yabon nan kuwa yana da wurinsa. Amma En'e ta daɗe da naɗe tabarmarta. An karɓe kotuna da 'yan doka da gidan yari daga hannunta a ƙarshen shekarun 1960, sa'an nan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rufe littafinta. Abin da ya rage nata shi ne mutanen da ta hora, da sana'ar da ta koya musu. Maganar yau kuwa ita ce yadda za a ɗauki sana'ar nan a kai ta inda ake matuƙar bukatarta, watau makarantun sakandare na Sabon Birni da Isa, waɗanda ke ta fama su ga yaransu sun fita da sakamako mai kyau.

Sana'ar nan ita ce ƙirga. Tun da aka kafa baitulmali, kafin yaƙin duniya na farko, ma'aikacin En'e ya zama mutumin littafi da alƙalami. Malamin haraji ya san yawan mazaje baligai na kowane ƙauye, ya san wanda ya mutu da wanda ya ƙaura. Malamin jangali ya san garken da ya shigo da wanda ya ƙetare iyaka. Ma'aji ba ya rufe ofis sai lissafi ya daidaita, kadan anini ɗaya ya ɓace sai an zauna an nemo shi. In Di'o ya fito rangadi, ba ya tambayar hakimi ko ƙasa lafiya ya tsaya nan, sai ya ce a kawo littafi. Ba za a ce dukan ƙirgar nan bisa adalci aka yi ta ba. Talakawa sun tuna da wanda aka sayar wa akuya don kuɗin haraji, Fulani kuma sun tuna da dalilin da ya sa suke kora shanu wajen Maraɗi in lokacin jangali ya yi. Duk da haka an koyi abu guda a cikinta, watau abin da hukuma ta damu da shi tana ƙirga shi, tana kuma sa wani mutum sananne ya amsa tambaya a kansa.

Da wannan hali En'e ta riƙe makarantar Midil. Wajen 1930, sa'ad da aka sake tsarin ilmi a jihar Arewa, aka raba karatun boko hawa-hawa: elemantare a garuruwan hakimai, Midil a babban birnin lardi, sa'an nan Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe cikin 1922, aka mai da ita Kaduna cikin 1938, aka kai ta Zariya cikin 1949, ita ce Kwalejin Barewa ta yau. Midil makarantar En'e ce. Daga baitulmali ake gina ta, daga nan ake biyan malamanta, ake ciyad da yara, ake ɗinka musu tufafi. Saboda haka wanda ya biya kuɗin shi ne wanda ke zaune kusa da ita, in abinci ya lalace ko malami ya yi sakaci, labari ba ya kwana bai kai fada ba. A Midil ta Sakkwato Ahmadu Bello ya koyar daga 1931 zuwa 1934, kafin a naɗa shi hakimin Rabah. A nan kuma Shehu Shagari ya yi karatu, ya wuce Kwalejin Kaduna, ya komo ya koyar da kimiyya. Mutum biyu ke nan daga ɗaki guda, ɗaya ya zama Firimiyan Arewa, ɗaya ya zama Shugaban Ƙasa cikin 1979.

To, amma wanda ya yabi tuwo sai ya faɗi yawan waɗanda suka ci. Yaran da Midil ta ɗauka kaɗan ne ƙwarai bisa ga yawan mutanen lardin. Yaron da ya gama elemantare a wannan yanki, in an zaɓe shi, sai ya bar iyayensa ya tafi Sakkwato, sauran kuwa su koma gona. Iyaye da yawa suna ganin ɗaukar yaro makaranta kamar wani haraji ne na biyu, har akwai masu sarauta da suka ɓoye nasu 'ya'ya suka miƙa 'ya'yan barori, abin da zuriyarsu suka daɗe suna cizon yatsa a kansa. 'Yan mata kuwa ba a yi musu kome ba sai abin da ba a rasa ba. An buɗe makarantar horon mata a Sakkwato cikin 1939, amma mata nawa ne daga gabashin Gobir suka taka ƙofarta? Wannan bashi ne da En'e ta bari ba ta biya ba, magadanta kuwa su ya kamata su biya.

Yau al'amari ya juya. Tun daga shirin ilmin firamare ga kowa na 1976, da tsarin shekara 6 da 3 da 3 da 4 da aka fara cikin 1982, da shirin ilmin bai ɗaya da aka ƙaddamar a birnin Sakkwato cikin 1999, makarantu sun yawaita. Akwai sakandaren gwamnati a Isa, akwai a Sabon Birni, akwai kwalejin fasaha a Bafarawa, ga ƙananan sakandare a garuruwa dabam dabam. Yaron Gatawa ko Turba ko Unguwar Lalle ba sai an kai shi Sakkwato ba. Amma ga inda gizo ke saƙa. Sakandare a hannun gwamnatin jiha take. Daga Sakkwato ake turo malami, daga can ake biyansa, can kuma ake kai rahotonsa. Mai biya yana nesa, mai gani da ido yana kusa amma ba a ba shi littafi ba. Tsakaninsu kuma ga dajin Gundumi, wanda tun da can ba a ratsa shi da wasa. Baturen nan matafiyi Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ratsa shi cikin 1853, tafiyar dare da rana ba hutawa don tsoron mahara, maharan wancan zamani kuwa, in za a faɗi gaskiya a gaban jikokinsu, Gobirawa ne. Mai duba makarantu na yau da ya tuna da hanyar, ba abin mamaki ba ne in ya ɗaga tafiyar zuwa wani wata.

Ma'aunin da ake auna sakandare da shi sananne ne. Yaro ya zauna jarrabawar WAEC, hukumar da aka kafa cikin 1952, ko ta NECO da aka kafa cikin 1999, ya sami kiredit 5 har da Turanci da Lissafi. In bai samu ba, ƙofar jami'a a rufe take, haka ta makarantar koyon jinya da sauran wuraren da ake hora ma'aikata. Ma'anar wannan ga ƙasar Gobir ita ce, asibitin Isa zai ci gaba da jiran ungozoma daga wata ƙasa, sakandaren Sabon Birni kuma ta ci gaba da jiran malamin lissafi baƙo, wanda zai zo yana ƙirga kwanakin komawarsa. Kowace shekara da aji ya faɗi, ƙasa ta yi asarar ma'aikatanta na shekara 30 masu zuwa.

Gwamnatocin jihar sun yi abin da suka yi. Sun sha biyan kuɗin jarrabawa ga 'yan makaranta. Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi, aka kafa kwamiti ƙarƙashin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, aka gina sakandare a Balle ta ƙasar Gudu, inda a da babu babbar sakandare ko ɗaya. Cikin 2023 aka shigar da Sakkwato cikin shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda ke ba makarantu kuɗin gyara ta hannun kwamitocinsu, yana kuma tallafa wa 'yan mata su zauna sakandare. Duka alheri ne. Amma gini da kuɗin jarrabawa kamar shinge ne da buhu: shinge yana tsare gona, buhu yana jiran amfani, tsakaninsu kuwa sai an yi noma. Noman makaranta shi ne kwanakin da yaro ya zauna a aji gaban malamin da ya san abin da yake koyarwa. Kwanakin nan su ne abin da yaron gabashin Gobir ya fi rasawa, su ne kuma abin da ba wanda ke ƙirgawa.

Ga lissafi mai sauƙi, irin wanda kowane tsohon malamin haraji zai yi da ka. Mako yana da kwana 5 na karatu. Yaron da ke barin aji ran kasuwa don ya taya ubansa tsaron rumfa ya bar kashi 1 cikin 5. A shekara 6 na sakandare, ya zubar da abin da ya fi shekara guda, ba tare da kowa ya ce ya bar makaranta ba. A ƙara masa makon farko na kowane zango, wanda aka mai da shi makon share fili da jiran waɗanda ba su komo ba. A ƙara masa girbin gero, wanda ke faɗowa cikin zangon farko, da aikin albasa da sauran kayan lambu a fadamun gulbin Rima da Bunsuru da Gagare in rani ya yi. A tuna kuma jarrabawar fita tana zuwa daidai faɗuwar damina, sa'ad da kowane gida ke neman hannu a gona. Sa'an nan a juya wajen malami, wanda iyalinsa ke Sakkwato, yakan tafi ran Alhamis ya komo ran Talata. In an haɗa duka, sai a ga yaron da takarda ta ce ya yi shekara 6, karatun da ya shiga kansa bai kai haka ba ko kusa. A ɗakin jarrabawa kuwa takarda guda za a ba shi da ɗan Legas.

A kan wannan duka aka ɗora masifar 'yan bindiga. Bayan da aka kwashe yara fiye da 300 daga sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara cikin Disamba 2020, gwamnatin Sakkwato ta rufe makarantun kwana 16 na yankunan da ke cikin hatsari, cikinsu har da sakandaren Isa da ta Sabon Birni da kwalejin Bafarawa. Cikin 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi da yawa na gabas. Ƙauyuka sun watse, dubban mutane sun ƙetare zuwa jihar Maraɗi. Cikin Agusta 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi, Allah ya jiƙansa. Wanda zai roƙi masu sarautar ƙasar nan su ƙara ɗaukar wani nauyi, lalle ya san abin da yake roƙo. Tsaron ƙasa aikin gwamnati ne, ba kuwa mai iya ɗauke mata shi. Amma kowane mako da makaranta ta yi a rufe yana da lamba, lambar nan kuwa ya kamata a rubuta ta, a kai ta inda ake yanke shawara, domin yaran da suka rasa zango guda a biya su da darasin hutu ko na maraice, kada a tura su aji na gaba kamar ba abin da ya faru.

Saboda haka taimako na farko da tsofaffin ma'aikata za su iya yi wa sakandare ba ya bukatar kwabo. Kowace makarantar gwamnati an ce ta kasance da kwamitin jama'a mai kula da ita, inda ake sa mai gari da iyaye da malamai da wakilan mata. A wurare da yawa kwamitin nan suna ne kawai, ba ya zama sai an ji ƙamshin kuɗi. Kadan tsohon magatakarda ko tsohon ma'aji ya shiga cikinsa, ya buɗe littafi guda, ya rubuta kwana nawa makaranta ta buɗe a wata, malami nawa suka zo, darasi nawa aka yi na Turanci da Lissafi, yaro nawa suka ɓace daga rajista da inda suka nufa, to, an sami abin da hakimi zai riƙe a hannu in ya je Sakkwato. Kukan baki ana amsa shi da ban haƙuri. Littafi kuwa sai an duba shi a ba da amsa.

A nan sai a yi hattara. Littafin nan kada ya zama bulala a kan shugaban makaranta. Mutumin da aka ba aji da yawa da malamai kaɗan, alhali tsarin ilmi na ƙasa ya ce malami guda ga yara 40, ba shi ne ya jawo matsalar ba, shi ne ma ya fi kowa bukatar mai shaida. Dattijon da ya shiga makaranta da fuskar Di'o zai tarar an gyara masa rajista kafin ya iso, kamar yadda a da ake ɓoye shanu cikin kwari in an ji malamin jangali na tafe. Wanda ya shiga da fuskar uba, ya zauna ya ji abin da ya hana aiki, shi za a gaya wa gaskiya.

Sai maganar malamai, wadda ita ce uwar magana. Baƙon malami yana bukatar masauki, da ruwa, da wanda zai tsaya masa in ya shiga wata damuwa. Wannan kuwa tsohuwar al'adar sarauta ce: baƙon gari baƙon mai gari ne. Ɗaki biyu masu kyau a cikin gari, kusa da gidan hakimi, sun fi takardar gargaɗi goma tsai da malami ran Jumma'a. Amma maganin da zai daɗe shi ne ƙasa ta haifi nata malamai. Haka En'e ta yi: takan zaɓi yaro daga Midil, ta tura shi kwaleji da kuɗinta, ya komo ya koyar a makarantarta, kamar yadda aka gani ga Sardauna da Shagari. Ga Kwalejin Ilmi ta Shehu Shagari a Sakkwato, ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da aka kafa cikin 1975, ga jami'ar jiha. Kadan kowace gunduma ta zaɓi yara biyu ko uku a shekara, masu kai a lissafi da kimiyya da Turanci, attajiranta da 'ya'yanta da ke aiki a birane suka ɗauki nauyinsu bisa alkawarin za su komo su koyar na wasu shekaru, kafin shekara 10 ba za a ƙara jiran baƙo ba. Ɗan gari ya san hanya, ya san ranar da ba a bin ta, uwarsa kuma tana nan.

Akwai wani abu da malaman sakandare suka sani, ba su cika faɗa a gaban manya ba. Yara da yawa suna shiga aji ɗaya ba su iya karanta shafi guda na Hausa ba, balle Turanci. A irin wannan yaro ake zuba kimiyya da labarin ƙasa da Turanci har shekara 6, kamar mai zuba ruwa a kwando. Midil ta san wannan matsala tun da can, shi ya sa take da wani aji na share fage, inda yaron da ya zo daga elemantare yake zama ya ƙarfafa Turancinsa kafin a sa shi cikin karatun Midil sosai. A ƙasar Indiya wata ƙungiya mai suna Pratham ta sake gano dabarar: a gwada kowane yaro shi kaɗai, a raba su bisa abin da suka iya ba bisa shekarunsu ba, a ba su sa'a ɗaya ko biyu kullum na karatu da lissafin tushe har su kamo. An jarraba ta sau da yawa an ga amfaninta, har an kawo ta wasu jihohin Nijeriya. A Sakkwato ma an yi shirin Mu Karanta a firamare, an buga littattafan koyon karatu da Hausa, an hora malamai. Ba abin da zai hana sakandare ta keɓe makonnin farko na aji ɗaya don wannan aiki, tsofaffin malaman makaranta da suka yi ritaya kuwa sun fi kowa iya shi. Ba kunya ba ce a koya wa ɗan shekara 13 baƙi da wasali. Kunyar tana ranar da zai zauna gaban takardar jarrabawa yana jiran a karanta masa amsa.

Wannan ya kawo zancen satar amsa, wanda ba daɗin ji gare shi ba. Duk inda aka matsa wa makaranta ta nuna sakamako, ba a ba ta malamai ba, za a sami mai cewa ga gajeriyar hanya: a tara kuɗi, a gyara mai tsaron jarrabawa, a rubuta amsa a allo. Wasu iyaye har godiya suke yi. Ma'aji ya san sunan wannan aiki, shi ne a cika littafi da lamba alhali akwati babu kome. Hukumar jarrabawa takan riƙe sakamako, takan kuma cire makaranta daga cikin wuraren da ta yarda da su. Ko an tsira daga wannan, ga JAMB a gaba, wadda tun 2015 da kwamfuta ake yinta, ba allo ba mai raɗa. Yaron da ya tafi da kiredit na aro nan yake tsayawa. Abin da ya kamata a nema shi ne jarrabawar gwaji ta gaskiya tun a aji biyar, a baje sakamakonta darasi darasi gaban kwamiti, a ga inda ramin yake tun da sauran shekara guda ta cike shi. Haka kuma a nema wa 'yan aji shida kwamfuta ko da 'yan kaɗan ne, da hasken rana mai ba ta wuta, don kada ranar jarrabawa ta zama ranar da yaro ya fara taɓa ta.

Makaranta kuma tana koyo daga 'yar'uwarta. A birnin Landan an yi wani shiri daga 2003 zuwa 2011 don ɗaga sakandaren unguwannin matalauta. Abin da suka fi dogara da shi shi ne a haɗa makarantar da ta yi rauni da wadda ta yi ƙarfi, a ba shugabanta wani gogaggen tsohon shugaba ya zama mashawarcinsa, a kuma gwada sakamakon kowace makaranta da na makarantun da yaransu suke daidai da nata. Sakamakon birnin ya tashi ƙwarai, ko da yake masana sun yi gardama a kan ko shirin ne kaɗai ya jawo haka. Gobir ba Landan ba ce, amma a tura malamin kimiyya na Kwalejin Nagarta, magajiyar tsohuwar Midil, ya yi mako biyu a Isa, ko a kai 'yan aji shida na Sabon Birni su yi gwaje-gwajen kimiyya a ɗakin da ke da kayan aiki, wannan bai fi ƙarfin jiha ba, in an sami mai nacin tambaya.

Game da 'yan mata, ƙasar nan ba ta bukatar aron hujja daga waje. A ƙasar Gobir Shehu Usmanu ya yi wa'azi tun zamanin Bawa Jan Gwarzo, yana kuwa zargin malaman da ke karantar da almajiran waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu cikin 1864, ta naɗa jajis, ta ɗora musu malfa, suka riƙa kai karatu ƙauyuka suna kawo 'yan taru. Yarinyar da aka cire daga aji huɗu tana fita ne ba amo, sunanta ya zauna cikin rajista har a manta. Dagaci da liman su ne suka fara sanin ranar da aka sa mata. Ba a ce su hana aure ba, amma suna da bakin da za su ce a bari ta zauna jarrabawa, ko a rubuta cikin sharaɗin aure za ta ƙarasa. Magidancin da ba ya son namiji ya duba matarsa a asibiti, sai ya yarda wata 'yar gari ta sami kiredit 5.

Kuɗi kuwa, in sun zo, nan ne tsohon ma'aji zai nuna gwanintarsa. Kuɗin gyara da ake turo wa kwamitin makaranta a rubuta shigarsu da fitarsu, a liƙa lissafin a ƙofar makaranta inda kowa zai gani, a ajiye rasit. Ana iya neman Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha ta taimaki marayun da rikici ya bari, mai hali kuma yana iya yin waƙafin gona guda a fadama, amfaninta ya zama na alli da littafi da fitilar karatun dare. Tsofaffin 'yan makarantar Barewa sun daɗe da ƙungiya mai ƙarfi da ke tsaya wa makarantarsu. 'Ya'yan Isa da Sabon Birni da ke Abuja da Kaduna da Sakkwato ba su kasa haka ba, abin da yake sanyaya musu gwiwa shi ne rashin sanin inda kuɗinsu za su shiga. Littafi mai tsabta a hannun dattijon da aka yarda da shi yana buɗe aljihu.

Saura shafi guda da ya kamata a keɓe cikin littafin, na yaran da gudun hijira ya ɗauke. Waɗansu suna cikin garin Sabon Birni da Isa wajen dangi, waɗansu suna Sakkwato, waɗansu sun ƙetare wajen Gidan Rumji da Tsibiri, inda Gobirawa 'yan'uwansu suke tun bayan yaƙin Gawakuke na 1836. A can da Faransanci ake karatu, jarrabawarsu ma dabam ce, saboda haka yaron da ya bar aji uku a nan ba ya iya ɗorawa daga inda ya tsaya, in ya komo kuma sau da yawa ba shi da takardar da za ta nuna ajin da ya kai. Kowane dagacin ƙauyen da ya watse ya san gidajen da suka tashi da inda suka sauka, kamar yadda uban nasa ya san wanda ya ƙaura a zamanin haraji. A zauna da shi a rubuta sunan kowane yaro, da sunan uba, da makarantar da ya baro, da ajin da ya tsaya, da garin da yake yanzu. A ba shugaban makaranta kwafi, a ba sakataren ilmi na ƙaramar hukuma kwafi, a ajiye na uku a ofishin hakimi, a kuma riƙa sabunta shi a ƙarshen kowane zango.